Ziyararmu Jadid: Tsakanin Kirikiri da Ciyawar Roba

A wannan watan za mu kai ku kudu ne, can ƙasar Fazzan, inda muka yi kwana huɗu a unguwar Jadid ta birnin Sabha cikin watan Mayun da ya wuce. Sada zumunci ne ya kai mu, amma sai muka iske jama'armu ta can suna cikin wata muhawara wadda da farko muka ɗauka raha ce, wato muhawara a kan ciyawa. Kafin mu baro garin mun gane cewa magana ce da ta shafi kuɗin da talakawa suka tara da guminsu, da lafiyar ƙananan yara, da kuma ruwa, wanda shi ne ran kowane mai zama a wannan ƙasa. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo muku abin da muka gani da wanda muka ji, domin mai yiwuwa irin wannan shawara ta taso a unguwarku gobe.

Mun bar Tarabulus da asuba a mota, muka bi ta Garyan da Mizda da Shuwairif har muka faɗa Barak, daga nan sai Sabha, tafiyar da ta haura kilomita 700. Tun da muka sauko daga duwatsun Garyan kore ya fara janyewa daga idanunmu, har ta kai mutum ya yi tafiyar awa biyu ko uku bai ga abin da akuya za ta ɗanɗana ba. Tsakanin Shuwairif da Barak direbanmu ya nuna mana wajen duwatsun Hasawna, inda aka haƙa rijiyoyin da ke tura ruwa cikin manyan bututu zuwa Tarabulus tun shekarar 1996. Wannan ruwa, kamar yadda masana suka tabbatar, ruwan sama ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa dubban shekaru da suka shuɗe, lokacin da Sahara take da dausayi da tafkuna. Abin da aka ɗiba a yau ba ya dawowa, domin ruwan saman da Sabha ke samu a shekara guda bai cika kai milimita 20 ba, alhali Kano takan sami sama da 700. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin duk maganar da za ta biyo baya a kansa take tsaye.

Birnin Sabha ya taso ne daga haɗuwar tsofaffin ƙauyuka, waɗanda suka haɗa da Jadid da Gurda da Hajara. Abin ban sha'awa, ma'anar Jadid ita ce sabo, amma a nan ne mutum zai ga tsohon gari mai ƙananan lunguna da bangayen ƙasa, wanda duk Bahaushen da ya san cikin birnin Kano ko na Damagaram ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Unguwa ce da aka sani da ilmi tun da daɗewa, musamman ta hanyar zuriyar malaman nan na Hudairi. Daga nesa kuma ana hango tsohuwar ganuwar soja da Italiyawa suka gina a kan tudu, wadda Faransawa suka karɓe a 1943. Ƙafar kakanninmu ba baƙuwa ba ce a Fazzan, domin ta Murzuk da Gat ayarin fatake ke bi tsakanin ƙasar Hausa da Barno da bakin teku. Yau jikokinsu ne ke nan suna aikin gini da ɗinki da tireda, wasu kuma suna aikin lambu a gonakin da mutanen nan ke kira saniya.

Mai masaukinmu, wani magidanci mai sana'ar walda da ya shekara fiye da ashirin a garin, shi ya fara kwance mana zancen bayan mun ci abincin dare. Ya ce akwai wani fili a tsakar gidan da yaran jama'armu ke karatun allo da yamma, kuma a nan manya ke yin salla idan sun taso daga aiki. Filin rairayi ne zalla, duk lokacin da iska ta taso sai ƙura ta cika wa yara ido da alluna. Shi ne aka yi karo-karo na wata da watanni domin a gyara shi. Da kuɗi suka taru sai kan jama'a ya rabu biyu. Samari suka ce a sayo ciyawar roba a shimfiɗe filin kaf, kamar yadda ake yi a wuraren shan shayi da gidajen hutu da ƙananan filayen ƙwallo na haya da suka yawaita a garin. Wasu dattawa kuma, a ƙarƙashin wani tsoho mai aikin lambu mutumin ƙasar Damagaram, suka ce a dasa ciyawa mai rai.

Mun zauna da samarin, kuma gaskiya hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Sun ce roba ba ta son ban-ruwa, ba ta son yanka, ba ta son taki, kuma ran da aka shimfiɗa ta ran ne wuri zai yi kore shar. Suka tuna mana da irin wahalar da Sabha ta sha ta ɗaukewar wutar lantarki, wadda in ta tafi injin jawo ruwa ya tsaya, famfo ya ƙafe. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa gidan na haya ne, duk ranar da mai gida ya ce a tashi, roba za a naɗe ta a ɗora a mota, ciyawa kuwa sai dai a bar wa wani ya ci moriyarta. Mu kanmu a daren nan mun kwanta muna ganin samari ne da gaskiya.

Kashegari da hantsi mai masaukinmu ya kai mu wurin tsohon, a saniyar da yake yi wa aiki a bayan gari. Muka iske shi yana gyara kwalbatin ruwa da fartanya. Bayan mun gaisa muka ce, “Baba, mun ji an ce kai ne ka hana yara sayen ciyawar zamani.” Ya yi murmushi ya ce, “'Ya'yana, ban hana kowa ba, kuɗin na jama'a ne. Amma ku bari rana ta take tukuna, sa'an nan mu yi magana.” Ya zagaya da mu cikin lambun, inda muka ga tsarin da mutanen Fazzan suka gada: dabino a sama yana ba da inuwa, rumman da ɓaure da inabi a ƙarƙashinsa, sa'an nan a ƙasa albasa da tumatir da ciyawar dabbobi da suke kira safsafa. Kowane yana cin albarkacin inuwar na samansa, kuma ruwan da aka ba ɗaya ya isa ga saura. A gefen kwalbatin kuwa wata gajeriyar ciyawa ce ta yaɗu ta rufe ƙasa. Baba ya tsugunna ya cizgo ta ya miƙa mana, ya ce, “Larabawan nan najam suke ce mata. Ku fa, kun gane ta?” Muka duba da kyau, ashe kirikiri ce, wadda muka sani a bakin fadamu da gefen rijiyoyi a gida, wadda masu doki ke aika yara su yanko.

Da azahar ta yi ya ce mu cire takalma mu taka. Muka taka kirikirin da ke cikin rana tsaka, muka ji ɗumi kaɗan a sama, sanyi a ƙasa, har muka tsaya muna hira a kai. Daga nan ya sa aka kai mu wani gidan hutu da ke kusa, inda aka shimfiɗa ciyawar roba a farfajiya. Abokin tafiyarmu ne ya fara sa ƙafa, bai ƙirga biyar ba ya yi tsalle ya koma kan takalminsa yana salati. Mu ma muka gwada da tafin hannu, muka ji kamar an taɓa murfin tukunya a kan murhu, ga kuma wani warin taya da ke tashi. Baba ya dube mu ya ce, “To, a nan ne ake son ɗan shekara biyar ya zauna da allonsa bayan la'asar?” Gani ya kori ji.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne ga wanda ya san randa da jarka. Ruwan randa yana sanyi ne domin jikinta na tsatsafo, iska tana kwashe danshin tare da zafi, ruwan jarkar roba kuwa in ya wuni a rana sai ya yi kamar na wanka. Da wannan hikima ce wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ciyawa mai rai randa ce shimfiɗaɗɗiya, tana jawo ruwa da saiwarta tana fitar da shi ta ganye, ta sanyaya kanta da iskar da ke kanta. Ita kuwa roba haɗiye zafin rana take yi ta riƙe. A wani awo da aka yi a Jami'ar Brigham Young ta Amurka a 2002, an sami zafin saman filin roba ya kai digiri 93 a ranar da zafin iska bai wuce digiri 37 ba. To, ina ga Sabha, inda zafin bazara kan haura digiri 40?

Bayan zafi, Baba da sauran masu aikin lambu sun lissafa mana wasu abubuwan da mai sayar da roba ba zai faɗa maka ba. Na farko, iskar gibli. In ta taso ta kwana biyu tana zuba rairayi, ciyawa mai rai takan tsiro ta samansa, ƙurar ma ta zame mata ƙasa, roba kuwa sai ta cushe, sai an bi ta da buroshi da tiyo, wato ruwan da aka ce an huta da shi ya dawo ta bayan gida. Na biyu, tsarki. Wurin da yara ke zama ba ya rabuwa da fitsari da zubewar abinci, ƙasa takan shanye in aka kwarara ruwa, amma roba takan riƙe wari, ga shi kuma wurin salla ne. Na uku, wuta. Mu mutane ne masu shayi da gawayi, garwashi ɗaya in ya faɗo daga kasko ya huda roba ke nan har abada, ciyawa kuwa cikin mako biyu ta rufe tabon. Na huɗu, abin da aka yanko daga kirikiri abincin ragon layya ne. Na biyar, roba tana tsufa. Masu yin ta kansu shekara takwas zuwa goma suke ba ta, sa'an nan ta koɗe ta fara zubar da gashi, a kwashe a kai juji, a sake neman wasu kuɗin. Kirikiri kuwa ko ta bushe ta yi fari, saiwarta na nan a ƙasa tana jira. Baba ya ce bayan ruwan nan mai yawa da aka yi a Sabha cikin Satumbar 2024, wanda ya yi ɓarna a gidaje, ya ga ta farfaɗo a wuraren da ya daɗe da cire rai da su.

Ƙasashen da suka ƙago wannan roba ma sun fara ja da baya a kanta. Asalinta a birnin Hustan na Amurka aka fara shahara da ita a 1966, a wani rufaffen filin wasa da ciyawarsa ta mutu saboda rashin hasken rana, wato larura ce ta kawo ta. Dattawan da ke cikin masu karatunmu za su tuna cewa a kan irinta aka buga gasar cin kofin Afirka da Libiya ta karɓi baƙuncinta a 1982, wadda Gana ta ɗauka bayan ta doke masu masauki a bugun fenareti. A 2015 'yan wasan ƙwallon mata sun yi ƙorafi ƙwarai da aka sa su buga gasar duniya ta Kanada a kan roba, saboda zafi da saɓulewar fata in mutum ya faɗi. Game da gasar duniya ta maza ta 2026 kuwa, hukumar FIFA ta shardanta ciyawa mai rai, har filayen da suka saba da roba aka ce sai an shimfiɗa musu ta gaske. Haka kuma a 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da ɓarɓashin robar da ake barbaɗawa a irin waɗannan filaye, wanda akasari daga tsofaffin tayoyi ake niƙo shi, ta ba da wa'adin shekara takwas, saboda yadda yake bin ruwa da iska yana gurɓata ƙasa.

Duk da haka, ba za mu ɓoye wa mai karatu cewa ciyawa mai rai tana da nata nauyin ba, kuma mun faɗa wa Baba haka. Tana son yanka a kai a kai. In aka yi sakaci takan kutsa cikin kayan lambu ta zama annoba, shi ya sa manoma da yawa ba sa ƙaunarta. Da sanyin hunturun Fazzan, wanda ke kai ruwa ga daskarewa a wasu darare, takan yi ja ta kwanta sai gari ya ɗumama. Babban nauyinta kuwa shi ne ruwa. A tsakiyar bazara kowane murabba'in mita ɗaya zai iya shan lita 7 zuwa 10 a rana. Wanda duk ya ce zai shimfiɗa ta a fili mai girman filin ƙwallo a wannan ƙasa, da ruwan da ake jawowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya ci amanar jikokinsa. Kimanin kilomita 150 yamma da Sabha akwai kufan Jarma, cibiyar mutanen da ake kira Garamant, waɗanda suka haƙa dogayen hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka yi noma da mulki na ɗaruruwan shekaru, kuma masana da dama na ganin ja da bayan ruwan nan yana cikin abin da ya karya su. Addininmu ma ya hana almubazzaranci da ruwa ko da a wajen alwala ne.

Da muka kawo wannan, sai Baba ya ce, “Madalla, ai kun zo inda nake jiran ku. Wa ya ce muku filin duka zan dasa? Daidai ruwa, daidai tsaki.” Ya ɗauki tsinke ya yi mana lissafi a ƙasa. Wurin da yara ke zama taku huɗu ne a biyar, wato murabba'in mita 20, wanda a ranar da ta fi kowace zafi ba zai sha fiye da lita 200 ba, cikin duro ɗaya ke nan. A gidan nan kuma, in aka haɗa manya da yara, akan yi alwala da wanke allo da wanke hannu da ruwan da ya kusa haka a kowace rana, kuma duk yana bin rariya ya fita lungu ya zama caɓi. Abin da yake nema shi ne a karkato da rariyar wurin alwala ta bi ta cikin ciyawar, ban da ruwan sabulu mai yawa da na bayan gida, a yi ban-ruwa da dare ko da asuba, a kuma dasa itace biyu daga yamma domin inuwa. Sauran filin a zuba masa tsakuwa da yashi mai tsabta, a riƙa yayyafi ana sharewa kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa tsakar gida. Irin ciyawar kuwa ba saye za a yi ba, shi zai cizgo buhu biyu daga gefen kwalbati a dasa gaɓa gaɓa, cikin wata biyu na zafi ta haɗe.

Game da maganar gidan haya, amsar da ya bai wa saurayin nan ta tsaya mana a rai. Ya ce, “Ɗana, in abin naɗewa kake so, ai tabarma ta fi ta araha, ta fi ta sanyi. Ranar da aka tashe mu, mu haƙi buhu guda mu tafi da shi, saura mu bar wa mai shigowa. Dabinon da kake ci a garin nan, kai ka dasa?” Wurin ya yi tsit.

A darenmu na ƙarshe aka yi zama bayan isha'i, aka zuba shayi mai kumfa da gyaɗa irin na mutanen nan. An ɗan ɗaga murya, amma daga bisani aka tsaya a kan shawarar Baba, da sharaɗin cewa samari uku za su riƙa karɓa-karɓar ban-ruwa da yanka, kuma in shekara ta zagayo ciyawar ba ta kama ba, a sake zama. Kuɗin da suka ragu aka ce a sayi tankin ajiye ruwa domin ranakun da wuta ta ɗauke, da rumfa a kan wurin alwala. Samarin kuma ba wanda ya hana su zuwa filin roba na haya su buga ƙwallonsu da dare, domin a irin wurin da ake tattakawa awa da awanni kullum, ciyawa mai rai ba za ta jure ba, kuma da dare zafin ya sauka.

Shawararmu ga 'yan'uwa a Tarabulus da Misrata da Bangazi da Ubari da sauran garuruwa ita ce, duk wanda zai gyara tsakar gida ko farfajiyar makaranta, kafin ya ba da kuɗinsa ya je da azahar ya ɗora tafin hannunsa a kan ciyawar roba ya ƙirga goma. Sa'an nan ya auna ruwan da gidansa ke zubarwa a banza kowace rana, ya dasa gwargwadon abin da wannan ruwa zai iya rayawa, ko da faɗin tabarma biyu ne. In ba shi da ko wannan, shararren yashi a ƙarƙashin inuwa ya fi masa. Wanda ya taɓa gwada ɗaya daga cikin biyun a garinsu, muna maraba da wasiƙarsa domin sauran jama'a su ƙaru.

Muna miƙa godiya ga mai masaukinmu da iyalinsa, da Baba mai lambu, da dukkan jama'armu ta Jadid saboda karamcin da suka yi mana. Mun yi musu alkawarin komawa idan dabino ya nuna, mu ga ko yaran sun fara karatu a kan kirikirinsu. Allah Ya raya abin da suka dasa, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya sada mu da alherinSa, amin.